Gida da Kasuwa: Rubu'in Incin da ke Gyara Ƙofa

Yau za mu taɓa wani aiki da ake yi a ƙarshen gini, lokacin da aljihu ya yi sauƙi, haƙurin mai gida kuma ya kusa ƙarewa, wato gewayen ƙofa da taga. Ina nufin siririn katakon nan da ake zagaya firam da shi don ya rufe inda firam ya haɗu da bango, wanda kafintoci ke ce wa moldin.

Da yawanmu kwalliya kawai muka ɗauke shi. Kwalliyar ce, amma yana da aikinsa. Siminti da katako ba sa zama abu guda. Ko da birkila ya cike wurin da kyau, bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya za ka ga 'yar tsaga ta fito a gefen firam. Ta nan ƙura ke shigowa, nan ne kyankyaso da kiyashi ke samun masauki. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gewayen shi ne murfin wannan tsaga. Idan aka sa shi a karkace, kuɗin katako ya tafi, kuɗin aiki ya tafi, kuma duk wanda ya shigo ɗakin a kan karkacen idonsa zai fara sauka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu da muke cin abinci da awo, mu ne muke sakin awo idan an zo gini. Ka zagaya Kejetia ka gani. Hajiya mai atamfa ba za ta yanka yadi 6 da ƙiyasin ido ba, sandar awonta na nan kusa da almakashi. Mai shinkafa da wake ya san olonkarsa, kuma da ka kawo masa wata wadda aka bubbuge gindinta zai gane tun kafin ka zuba. Na gida ma haka suke da mudu da tiya. Amma mutumin nan da ba ya yarda a tauye masa rabin gwangwani, shi ne zai miƙa wa kafinta kuɗin ƙofa 8 da taga 12, ya ce "Masta, ka dai yi shi da kyau," ya koma rumfa. To wane ne kyau? Da me za a auna shi?

Sabuwar kasuwar Kejetia da kamfanin Contracta na Barazil ya gina ta saba mana da wani abu. Rumfuna sama da 8,000, layi-layi, ƙofofin ƙarfe iri ɗaya, wannan kamar wancan. Gidajenmu na Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Sawaba ba haka aka gina su ba. Ɗaki biyu bana, ɗaya baɗi, wani bayan an dawo daga Hajji, wani bayan an sayar da goro da riba. Birkilan da ya fara ba shi ya gama ba. Saboda haka a gida ɗaya za ka sami ƙofa biyar da ake kira "ƙafa uku", amma in ka ɗora tef babu biyu da suka zo daidai. Wanda ya auna ɗaya ya yanka wa biyar, ya yi asarar huɗu.

Ɗan ma'aunin da nake nufi

Gewaye ba a sa shi daf da bakin firam. Ana ja da shi baya kaɗan, a bar wani siririn gefe na firam ɗin a buɗe, kamar rubu'in inci, wato kusan milimita 6. Dalili biyu ne. Na farko, hinjin da ƙyauren ke juyawa a kansa yana da 'yar ƙullutuwa da ta fito waje, in gewaye ya matse ta ƙofa ba za ta buɗu sosai ba. Na biyu, katako biyu ba sa taɓa zama baki ɗaya daga sama har ƙasa. Ko an daidaita su yau, gobe ɗaya zai motsa, kuma ido zai kama bambancin nan take. Amma in an bar gefe da gangan, ƙaramin motsi ba ya nunawa.

Wahalar ita ce a sa wannan rubu'in incin ya zama ɗaya a ko'ina: dama da hagu, sama da ƙasa, ƙofar zaure da ta uwarɗaka. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idon ba zai faɗa maka inci nawa ba ne, amma zai faɗa maka cewa gefen ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, kuma kullum ka wuce sai ya sake faɗa maka.

Maganin ba ya cin ko sidi ɗaya. A samo guntun katako biyu masu santsi daga ragowar aiki, kowanne kamar girman akwatin ashana ko ya ɗan fi. A ɗora ɗaya a kan ɗaya, a zame na saman baya da rubu'in inci daidai, a manna da gam, a buga ƙananan ƙusoshi biyu. Abin da ya fito kamar 'yar matakala ce mai hawa ɗaya. Wannan shi ne ma'aunin. Sau ɗaya tak ake auna shi da tef, a nutse, daga nan tef ya huta. Kafinta zai maƙala matakalar a bakin firam, ya ja fensir a gefenta, ya zame ta ƙasa ya sake ja, kamar kowane taƙi biyu. Ya yi haka a dama, a hagu, da sama. Layin fensir ɗin nan shi ne inda bakin gewaye zai zauna. A kusurwa biyu na sama layin tsaye da na kwance za su gitta juna, kuma wannan mahaɗar ita ce wurin da yanka zai fara.

Akwai irinsa na roba da na ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan gini na ƙasashen waje, kuma kafintan da ke da sukwaya mai zamewa zai iya ɗaure ta a rubu'in inci ta yi masa aikin. Duk ɗaya ne. Abin da ake so dai a tsayar da awon sau ɗaya, kowace ƙofa ta bi shi.

Kafin a taɓa zarto

Ma'aunin yana bin firam ne, in firam ya karkace shi ma zai bi shi. Don haka akwai abu huɗu da za a duba tukuna, kuma ko yaron gida zai iya riƙe kan tef a yi su.

A auna faɗin ƙofa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. In sun bambanta da abin da ya wuce rubu'in inci, firam ya yi ciki ko ya buɗe.

A auna a gicciye, daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan a juya. In awon biyu suka zo ɗaya, kusurwoyin sun zauna. In ba su zo ba, firam ya kwanta gefe.

A ɗora lebur a jikin firam, ko a rataya igiya mai ɗan nauyi a ƙasa, a ga ko yana tsaye sak.

A shafa hannu a inda filasta ta haɗu da firam. In filasta ta fi firam tudu, gewaye zai zauna a kan siminti ya bar rami a bayansa. Sai a kankare ta tun yanzu, kafin fenti.

Sannan a jira tayil. Wanda ya yanka ƙafafun gewaye kafin a shimfiɗa tayil zai sake yanka, wanda kuma ya auna ƙafa ɗaya ya yanka biyu ya manta cewa daɓe ba ya cika zama lebur. Kowace ƙafa da awonta.

Lissafin ɗan kasuwa

Ga misali, don ka san abin da za ka saya kafin ka hau mota zuwa wurin masu katako. A ce cikin firam ɗinka faɗinsa inci 36, tsayinsa inci 84, wato ƙafa 3 da ƙafa 7. Gewayen da ka zaɓa faɗinsa inci 3, kuma za a haɗa kusurwa da yankan gicciye, rabin kwana, digiri 45.

Na sama: gajeren bakinsa inci 36 ne a ƙara rubu'i a dama da rubu'i a hagu, ya zama 36 da rabi. Dogon bakinsa a ƙara inci 3 sau biyu, ya zama 42 da rabi. Ƙafa kuwa, gajeren baki 84 da rubu'i, dogon baki 87 da rubu'i. Fuska ɗaya ta ƙofa ta ci inci 217, wato ƙafa 18 da inci 1. Ciki da waje, ƙafa 36 da inci 2.

Nan ne mutane ke faɗawa rami. Ka ce ƙafa 36, to in sandar moldin ƙafa 12 ce, uku sun isa ke nan. Ba su isa ba. Sanda mai ƙafa 12 inci 144 ce, ƙafar gewaye ɗaya kawai za ta fita a cikinta, da na sama ɗaya a ragowar. Ƙofar tana son ƙafafu huɗu, don haka sanda huɗu za ka saya. Ko mai ƙafa 14 ce, inci 168, ba za ta ba ka ƙafafu biyu ba, domin biyun suna son 174 da rabi. In ka sayi uku, kafinta zai yi maka dabara ya haɗa guntaye biyu a tsakiyar ƙafa, kuma wannan haɗin shi ne zai fara buɗewa. Ragowar da ta fita daga sanduna huɗun kada a bari yara su kai murhu, ita ce za ta yi ƙananan tagogin banɗaki da kicin.

Shi wannan lissafi na saye ne. Idan an zo yanka, kafintan kirki ba ya yanka da lamba. Zai jingina sandar a jikin firam, bakinta a kan layin fensir, ya sa alama a daidai mahaɗar layukan nan. Firam ɗin da kansa ne ya ba da awo. Kuma zai yanka a wajen alamar, domin haƙoran zarto suna cin nasu rabon, na inji ya kan kai milimita 3. Wanda ya yanka a kan layi sau biyu, sandarsa ta gajarce ba tare da kowa ya sata ba.

Daga nan ya kafa na sama da ƙusa biyu ba tare da ya nutsar da su ba, ya gwada ƙafafun, ya ga bakin kusurwa ya haɗu. In bai haɗu ba ya ɗan kankare ɓangarorin biyu daidai da juna. Sai ya shafa gam a bakin, ya buga ƙusoshin duka. Ƙasan ƙafar da ke taɓa tayil a shafa masa fenti kafin a kafa, saboda ruwan goge ɗaki ta nan yake shiga katako. Taga mai gilashin luba aikinta ɗaya da na ƙofa, sai dai kusurwa huɗu ce maimakon biyu, don haka awon gicciye ya fi muhimmanci a wurinta.

Ƙafa uku ba santimita 90 ba ce

Wannan sashe na masu gini a gida ne suna zaune a Kumasi. Ghana ta koma awon mita a hukumance tun 1975, amma har yau kafinta da mai katako da inci da ƙafa suke magana, kamar dai na Kano da Sakkwato. A Maraɗi, Tawa da Damagaram kuwa santimita ake yi. Sai Alhaji ya kira ƙaninsa a waya ya ce a auno masa ƙofofi, a ce masa 90 da 210. Ya je wurin kafinta a nan, kafinta ya ce ai wannan ita ce ƙafa uku da ƙafa bakwai. Kusa ne, amma ba ita ba ce. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Inci 36 ya kama santimita 91.4, inci 84 kuma 213.4. A faɗi an sami bambancin da ya wuce rabin inci, a tsayi ya wuce inci ɗaya. Mu da muke faɗa a kan rubu'in inci, ka ga an riga an yi ɓarna tun kaya ba su hau mota ba.

Saboda haka kada a aiko da awo da baki. A ɗora tef a jikin firam, a ɗauki hoto yadda lambobin za su fito, a turo ta WhatsApp, kowace ƙofa da sunanta: ta zaure, ta ɗakin Inna, ta kicin. Gani ya kori ji. Mafi alheri ma, kada a yanka komai a nan. A aika da sandunan da tsawonsu, a sa ɗan ma'aunin a cikin kayan, kafintan can ya yanka a jikin ƙofar.

Shi ma tef ɗin a duba shi. Inci 10 ya kamata ya faɗa a kan santimita 25.4. Akwai tef da ake bugawa da awon ƙasar Sin, wanda "incinsa" ya kai santimita 3.3, kuma a ido kamar na kowa yake. Ɗan ƙarfen da ke bakin tef kuwa, in ka ji yana motsi kaɗan, kada ka sa a daddage shi da guduma. Da gangan aka yi shi haka, don awon ciki da na waje su zo daidai. Kuma tef ɗaya za a yi aikin gidan da shi daga farko har ƙarshe.

Katako yana numfashi

Kumasi garin katako ne. Kafintocin Anloga, waɗanda aka mayar da yawansu Sokoban lokacin aikin babbar hanya, sun san odum da ofram da emire kamar yadda muka san goro fari da ja. Odum yana da ƙarfi, gara ba ta cika damunsa ba, kuɗinsa ma haka. Akwai kuma mai sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi da Asantawa ke kira wawa. Sunan da harshensu ne, ba zagi ba ne, kuma yana karɓar yanka da fenti da kyau, shi ya sa ake yawan yin moldin da shi. Sai dai ƙwari na sonsa, dole a shafa masa magani ciki da waje kafin a kafa. Wanda ya sa shi a ƙofar waje inda ruwa ke dukansa, to sunan ya tashi daga kan katako ya koma kan mai gida.

Kowane iri ka saya, ka tambaya ko ya bushe. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa yake wannan motsi fiye da tsawonsa. Shi ya sa kusurwar da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Yuni, da hunturu ya busa a Janairu sai ka ga ta buɗe baki daga ciki. A jera sandunan a kwance cikin ɗakin da za a sa su, a sa 'yan guntaye a tsakaninsu iska ta ratsa, su yi mako ɗaya ko biyu kafin a yanka.

Ga wanda zai kai katakon Kumasi arewa, abin ya fi haka. Itacen da ya saba da damina biyu a shekara, ka kai shi inda ake wata bakwai ba ɗigon ruwa, dole ya tsuke. A bar shi ya huta a can ya sha iskar wurin. In kuma ana gaggawa, a bar yankan gicciye, a yi haɗin kai tsaye: ƙafafu biyu su miƙe, na sama ya kwanta a kansu a miƙe. Wannan haɗi ko katako ya motsa ba ya buɗe baki kamar wancan, kuma yana yafe wa firam ɗin da kusurwarsa ba ta zauna sosai ba.

Rabon Hajiya da yara

Mai gida yana kasuwa tun safe har Magariba, wani ma yana kan hanyar Tamale ko Lome. Wadda ke gida lokacin da ake aikin ita ce uwargida. Don haka a ce wa kafinta ya yi ma'aunin guda biyu, ɗaya nasa, ɗaya na gida. Hajiya ba ta bukatar sanin digiri 45. Ta maƙala ɗan katakon a bakin firam, in gewaye ya taɓa matakalar a sama da tsakiya da ƙasa, aiki ya yi. In ya bar rata ko ya hau kanta, sai ta ce, "Masta, don Allah zo ka duba nan." Ta duba kusurwa kuma tun kafin fenti, domin garin katako da gam suna rufe rami na wata biyu ne kawai. Ta buɗe ƙofa har ƙarshe ta ji ko tana gugar wani abu.

Wannan ba rashin yarda da mai sana'a ba ne, kuma kada a yi shi da gadara. Kafintan da ya san aikinsa daɗi zai ji, domin an ba shi abin da zai nuna gwanintarsa da shi, an kuma raba shi da gardamar "ni dai bai yi mini ba". A yi maganar tun ranar ciniki: ga ma'auni, ga yawan ƙofa da taga, ga abin da za a biya yanzu, ga cikon da za a ba da bayan an zagaya tare an duba. A sa ya gama ƙofa ɗaya tukuna a gani kafin ya yanka sauran. Kuma in ya yi aiki mai kyau a biya shi cikonsa a ranar, kada a ce ya dawo jibi. Mu ma ba ma son a tauye mu.

Yaran da ke kuka da lissafin rabi da rubu'i a makaranta, a ba su tef su riƙe. Kowane inci an raba shi ƙananan kashi 16 a yawancin tef, huɗu daga ciki su ne rubu'in da muke ta magana. Yaron da ya ƙirga su da yatsansa a jikin ƙofar ɗakin uwarsa ba zai sake mantawa ba.

Bayan an gama, a huda ɗan ma'aunin a sa masa igiya, a rataye shi inda ake ajiye makullai. Gidan zango ba ya gama ginuwa, baɗi ko baɗin baɗaɗa za a ƙara ɗaki, kuma wataƙila wani kafintan ne zai zo. Sai a miƙa masa, sabuwar ƙofa ta yi kama da 'yan'uwanta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba ragar sauro da ƙarfen tsaro na taga, da wanda ya kamata a fara sawa a cikinsu. Masu tambaya a kan gini ko gyaran rumfa su ci gaba da aikowa. Allah ya ba da kasuwa, ya sa mu shiga gidajenmu lafiya.